Irin Cittar Mama Zipora

Akwai wani matashin injiniya mai suna Silvanus, haifaffen Sabon Tasha, wanda Allah ya ba ƙwaƙwalwa amma kunnensa na ƙashi ne. In ka miƙa masa mataccen rediyo, kafin ka waiwayo ya tashe shi. In kuwa shawara ka ba shi, to ka yi asarar yawunka.

A farkon 2024 aka gayyace shi wani zango da aka kafa a bayan garin Kafanchan. Irin zangon nan ne da ake yayi yanzu. A tara masu ƙirƙira kamar talatin daga Jos da Legas da Kano, a kama musu wani tsohon masauki, su zauna tare mako shida. Tukunyarsu ɗaya, teburin aikinsu ɗaya. Kowa ya ƙera abin da zai ƙera, ranar ƙarshe a nuna wa manyan baƙi, sannan kowa ya kama gabansa.

A shekarar ba a maganar komai sai citta. Daminar da ta wuce cuta ta bi gonaki ta cinye ta, har irin shuka ya zama abin nema ruwa a jallo.

Sai Silvanus ya gina wani ɗan ɗakin ajiyar iri a harabar zangon. Ya toshe duk wata kafa, ya sa fanka mai aiki da sola, ya sa abin fesa danshi. Ya kuma rataye wani ɗan ma'auni da ke aika labarin zafin ɗakin zuwa wayarsa. In wayar ta nuna kore, komai lafiya ke nan.

Ɗaki ya kammala, saura citta.

A ƙauyen da ke kusa akwai wata dattijuwa, Mama Zipora, mijinta ya daɗe da rasuwa. Gonarta a kan tudu take, cutar ba ta kai can ba, don haka ta tsira da buhu bakwai na iri mai lafiya. Ta jibge shi a inuwar mangwaro, ta rufe da busasshiyar ciyawa. Bayan kwana biyu ko uku sai ta yaye, ta juya, ta tsince wanda ya yi laushi. Da wannan irin take noma, da noman take ci, ba ta da wata hanya.

Silvanus ya je ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Mama, a gindin bishiyar nan duk shekara kina asarar mai yawa. Ki ba ni in ajiye miki, ko ƙwara ɗaya ba za ta lalace ba."

Ta ce, "Ɗana, wannan citta tun maigidana yana da rai muke juya shi. Ban taɓa kwana nesa da shi ba."

Ya dawo washegari, ya sake dawowa jibi. Ranar Lahadi ma a majami'arsu ya yi sujada. Ta ga yaro mai ladabi, mai ilimi, ta ji kunyar ci gaba da cewa a'a.

A zangon akwai wata budurwa, Binta, 'yar cikin Kafanchan, mahaifinta fataucin citta yake yi. Da ta ga ana sauke buhunan daga a-kori-kura, ta ja Silvanus gefe.

"Duka bakwai ka kwaso? Ka gwada da ɗaya mana. In ya lalace za ta iya jurewa."

Ya ce, "Buhu ɗaya a ɗakin da ke cin ashirin? Ranar nuni me zan nuna wa mutane?"

"Ita kuma ranar shuka me za ta shuka?"

Dariya ya yi. Ya shigar da buhunan, ya ja ƙofa, ya danna kwaɗo. Ya ce babu mai buɗewa sai ƙarshen zango, domin in iskar waje ta shiga za ta ɓata masa lissafin gwaji.

Bayan mako biyu Mama Zipora ta zo da sandarta. Ta kai hanci jikin ƙofar ta daɗe.

"Ɗana, buɗe in taɓa. Warin nan bai yi mini ba."

Ya ɗago waya ya nuna mata. "Kin ga kore? Komai daidai, Mama."

Ta ce, "Ni ban san kore ba. Citta da hannu ake tambayar shi."

Ya lallashe ta ta tafi. A mako na huɗu ta sake dawowa, wannan karon ko fitowa bai yi ba, ya aiko a ce mata yana cikin taro. Binta ta roƙe shi ya buɗe ko na minti ɗaya, ya ce ta rage tsoro irin na 'yan kasuwa. Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci, domin makullin yana aljihunsa, ƙofar kuma taku goma ce daga inda yake zaune.

Saura kwana huɗu a tashi, mai ɗaukar hoto ya zo don shirin ranar nuni. Silvanus ya buɗe kwaɗon da kansa yana murmushi.

Warin da ya fito sai da ya kori kowa baya. Buhunan sun jiƙe sun yi baƙi, ruwa na tsatsafowa daga gindinsu. Ashe tun mako na biyu wata wayar lantarki ta ƙone, fanka ta tsaya, ma'aunin ma ya mutu. Abin fesa danshi kaɗai ya ci gaba da aiki a cikin zafin watan Maris. Wayar hannunsa kuwa saƙon ƙarshe da ta samu take ta nuna masa.

Binta ta ce ya tashi su je su gaya wa tsohuwa. Ya ce sai an ci abincin rana. Ita ta kasa zama, ta hau okada ta tafi ita kaɗai.

To, a zangon suna da wata al'ada. In gwajinka ya lalace, lokacin cin abinci za ka miƙe ka ba da labari, sauran su tafa maka, don kada kowa ya ji tsoron gwada sabon abu. Al'adar ba ta da laifi in abin da ya lalace batir ne ko katako.

Silvanus ya miƙe ya yi bayani da Turancinsa mai daɗi. Ya ce ya gano kuskure uku, kuma na gaba zai fi wannan nesa ba kusa ba. Ɗaki ya ɗauki tafi, wasu har da buga tebur.

A daidai lokacin Binta ta iso bakin ƙofa da Mama Zipora.

Tsohuwar ta tsaya ta kalle su, ta ce, "'Yata, tafin me suke yi?"

Sai hawaye ya zubo wa Binta. Mama Zipora ta kalli Silvanus a tsaye a tsakiyarsu, ta gane. Ta ce a hankali, "Ashe abin murna ne."

Ba ta zagi kowa ba. Ta wuce ɗakin ajiyar, ta zauna a ƙasa, ta riƙa zazzage buhunan tana tona ruɓar da hannunta. Binta ta zauna kusa da ita. Har la'asar suna tsinta, abin da suka samu mai rai bai cika rabin daro ba.

Masu zangon sun ce za su nemo mata wani irin. Suka zaga kasuwanni har Zangon Kataf, amma a shekarar wanda yake da mai lafiya ba ya sayarwa, wanda ake sayarwa kuma ba mai iya rantsuwa a kansa. Kwana huɗu suka cika, motoci suka zo, aka kwashe katifu da kwamfutoci. Baƙo raɓa ne.

Da ruwa ya sauka, Mama Zipora ta shuka rabin daronta, kunya huɗu kacal. Sauran gonar ciyawa ta cinye. Matar da a da take ɗaukar masu aiki, ita ce ta koma yin ƙwadago a gonakin mutane da furfurarta.

Bayan shekara Silvanus ya dawo. Ya gyara na'urarsa, kuma gaskiya wannan karon tana aiki. Abin da kawai yake buƙata manomi ɗaya ya yarda a gwada a gaban jama'a. Ya bi ƙauyuka har tara. Ko'ina ya je labarinsa ya riga shi, za a ba shi kujera, a ba shi ruwa, a raka shi bakin hanya hannu wofi.

A ƙarshe ya nemi Mama Zipora. Ya same ta a gonar wani, a sunkuye tana cire ciyawa. Ta rame, sai da ya duba sau biyu ya gane ta. Ya durƙusa a cikin kunya yana kuka.

Ta ce, "Tashi, ɗana. Na yafe maka tun bara, haka Ubangiji ya ce mu yi."

Ya share ido ya ce, "Mama, na gyara. In ke kika ba ni ko mudu ɗaya, kowa zai yarda."

Ta miƙe da ƙyar, ta dafa ƙugu, ta dube shi.

"Kai kana da gwaji da yawa a gabanka. Ni damina nawa ya rage mini?"

Ta sunkuya ta ci gaba da aikinta, domin mai gonar yana kallo.

Darasi: Kada ka gwada basirarka da abin da wani ba zai iya jure rasa shi ba. In kuskurenka a kan wani zai faɗa, saurare shi tun kafin ka rufe ƙofa, ko da bai taɓa shiga aji ba. Ku tura wannan ga duk wani mai ilimi da kuka sani, musamman masu zuwa ƙauye da niyyar taimako.