Ƙulli Biyu a Igiyar Bushiya

An yi wani Biri mai saurin hannu da saurin baki. A ƙauyensu akwai Hawainiya, wadda komai nata a hankali take yin sa. Ita ce mai raba wa marasa lafiya magani.

Mai haɗa maganin Bushiya ce, can hayin kogi. Ta tsufa, ba ta fita. Sai ta ɗaɗɗaura saiwoyi a jikin igiya guda, Shamuwa ta kawo. Tsakanin rabon wannan gida da na wancan, takan yi ƙulli. Hawainiya kuma tana da ƙorai a jere, kowace da mai ita: ta Zomo, ta Damo, ta Jaki, ta ƙarshe ta uwar Biri, wadda tari ya hana sakat. A yanka a kan ƙulli, a sa a ƙwarya, a matsa gaba. Aikin ke nan.

Wata rana igiya ta iso, Biri na tsugune yana jira.

"Gwaggo, kafin ki ɗaga ƙafa ɗaya, Inna ta tofar da huhunta! Ba ni wuƙar."

"Ɗan nan, sai an duba ake yankawa."

"A duba me? Ke da idanunki ma kowanne da inda yake kallo!"

Ya fizge wuƙa. Ya yanki rabon farko, ya jefa a ƙwaryar Zomo. Daidai ne. Da ya matsa gaba sai ya ga ƙulli biyu a manne, ba komai a tsakaninsu.

"Kin ga tsufa! Ta ƙulla, ta manta, ta sake ƙullawa."

"Tsaya, wannan ai..."

Kafin ta kai ƙarshen magana ya datse ƙullin biyu ya yar. Rabon da ya biyo baya ya sa wa Damo, na gaba ya sa wa Jaki. Igiya ta ƙare. Ƙwaryar uwarsa wayam.

"Ta manta da Inna!" in ji Biri. "Tsohuwar banza mai ƙaya!"

Ya kwashi ƙorai ya bi ta kan itatuwa ya rarraba. Duk gidan da ya shiga sai ya ce Bushiya ta raina uwarsa.

Damo dai sarkin haƙuri ne. Bai tambaya ba, ya jiƙa ya sha. Ashe maganin kumburin cikin Jaki ne. Kafin azahar ya zazzage, ya kwanta shame-shame a bayan gida. Jaki kuwa ya tauna nasa ya ce, "Kai, yau maganin da zaƙi!" Cikinsa na nan kamar ganga.

Da la'asar dabbobi suka taru a gindin tsamiya ana ta hayaniya, Biri ya fi kowa ɗaga murya. Sai ga Hawainiya ta iso, riƙe da guntun igiyar da ya yar.

"Ciwon Damo na da ya warke tun tuni," in ji ta. "Ba a aiko masa da komai ba, amma an ƙulla masa gurbinsa. Ƙulli biyu, ƙwarya ɗaya ta wuce ba komai. Ka hana ta wucewa, kowa ya sha na maƙwabcinsa."

"To na Inna fa?" Muryar Biri ta yi ƙasa.

Jaki ya yi gyatsa, ya kawar da kai.

Shamuwa ta ce, "Saiwar nan a ƙwanƙolin dutse take fitowa. Ita kaɗai ta rage wa Bushiya, ta ce a kai wa ƙawarta, uwarka."

Sai aka ji tari daga baya. Uwar Biri ce, ta dogaro sanda, ta ji komai. Ba ta yi faɗa ba.

"Da ka bar Gwaggonka da nawarta, da tuni na sha," in ji ta. "Tarin zan iya da shi. Zagin da ka yi wa baiwar Allah da sunana, shi ne ba zan iya haɗiyewa ba. Je ka hayi, ka maimaita a gabanta."

Biri bai hau itace ba. A ƙasa ya tafi, wutsiya na jan ƙura, kowa na kallonsa. Bushiya ta saurare shi har ya gama, ta miƙa masa dagi, ta nuna masa dutse. Sai da faratansa suka ƙare kafin ya samo saiwar, uwarsa na can tana tari.

Tun daga nan ɗaukar ƙwarya yake yi. Wuƙa tana hannun Hawainiya.

Darasin da ke nan shi ne, in an ba ka abu a haɗe ka raba, san inda ake yankawa, ka kuma ba kowane gurbi haƙƙinsa, ko da babu komai a cikinsa. Masu ba wa kwamfuta umarni ma haka suke fama in suna yayyanka layin rubutu suna sa kowane yanki a gurbi mai suna. Ka tsallake gurbi ɗaya, na bayansa duk sun goce. Wanda zai rasa kuma, wataƙila naka ne.