Ƙyallayen da Ba Sa Gaisawa

Ga ta nan, ga ta nanku, a naɗe cikin tsumma.

Ta zo mu kwance ta, mu ji ta.

"Ajiye shi, Kuluwa! Na ce ki ajiye shi!"

"Yaya, ƙyalle ne fa. Wannan ja ne, wancan ma ja ne. Kwando ɗaya za su shiga."

"Kwando ɗaya? Ni 'yasu! Wannan daga zanin Dudu aka yanko shi, wancan na Yalwa ne. Shekara goma sha biyu ba su gaisa ba, ke ce za ki kwantar da su wuri guda?"

Wasu tsofaffi ne su biyu, ya da ƙanwa. Babbar sunanta Tasalla, mai magana ta hanci, tana yi tana kaɗa yatsa. Ƙaramar ita ce Kuluwa, mai keken ɗinki da gajen haƙuri. A danginsu akwai al'ada: ranar suna, sai a fito da jariri cikin bargon da aka haɗa da ƙyallayen zannuwan matan dangi. In aka fito da shi ba bargon, sai a yi ta cewa dangi ba su karɓe shi ba. Tasalla ce ke ajiye ƙyallayen cikin wata tsohuwar adaka, kuma ta san mai kowane ɗaya. To ga shi 'yar Kuluwa ta haihu, jikarta ta fari. Saura kwana huɗu suna, ko zare ba a sa wa keke ba.

Ranar farko dai haka ta tafi. Kuluwa ta ware ja da ja, shuɗi da shuɗi, Tasalla na bin ta tana wargazawa. Sai rana ta faɗi.

Kashegari sai Kuluwa ta ce, "To, na bar launi. Dogaye a kwalla, gajeru a langa."

Sai ta jera su tsaf, gajeru a ƙasa, masu ɗan tsawo a sama. Sai Tasalla ta leƙa langa, ta dafe ƙirji.

"Kuluwa, ba ki da kunya? Kin ɗora Lantana a kan uwar mijinta!"

"Yaya, na uwar mijin ya fi gajarta."

"Ko tsawon yatsa ne, ita ce babba. Ɗaga ta! Kuma wa ya sa Asabe kusa da Gambo? Kin manta turmin da ta ara ta mayar a tsage?"

"Turmin nan ai an yi itacen wuta da shi tun ina goyon fari."

"An ƙona turmi, an ƙona maganar ne?"

Sai rana ta faɗi.

Rana ta uku sai Kuluwa ta tura mata adakar da ƙafa. Ta ce, "Ga su nan. Jera su yadda ranki ke so."

Sai Tasalla ta gyara ɗaurin zani. Ta ɗauki wannan ta sa a kwano, ta ɗauki wancan ta sa a wani kwanon. Kwanoni suka ƙare, ta shiga tukwane. Tukwane suka ƙare, ta shiga ƙwarya da faifai, har ludayi sai da ya sami baƙo. Kafin la'asar tsakar gida ta cika, ba wurin taka ƙafa, ba tukunyar ɗora tuwo. Ƙyalle arba'in da ɗaya, mazubi arba'in.

Kuluwa ta ce, "Alhamdu lillahi, ga biyu can wuri ɗaya. Ashe akwai masu shiri."

Tasalla ta ce, "Waɗannan kurame ne. Ba sa jin abin da suke gaya wa juna."

Sai Kuluwa ta zauna daɓas a gefen adaka, ta yi tagumi. Gobe kaɗai ta rage. Tana kallon cikin adakar, sai ta hango wani farin yadi a ƙasa, a naɗe.

"Wannan fa, Yaya, da wa yake gaba?"

Sai muryar Tasalla ta yi laushi. "Rawanin Baba ne, Allah ya jiƙansa. Shi da ko zakaru ya ga suna faɗa sai ya shimfiɗa buzunsa a tsakaninsu."

"In ya zauna tsakanin Dudu da Yalwa fa?"

"Wa za ta buɗe baki a gaban Baba?"

"Tsakanin Asabe da Gambo fa?"

"Ko tari ba za su yi ba."

Sai Kuluwa ta ɗauko almakashi. Tasalla ta kau da kai, ta ce, "Yanka a hankali, ba ya son gaggawa."

Da gari ya waye sai keke ya kama kuka. Ƙyalle ɗaya, sai siririn farin rawani, sai wani ƙyallen, sai rawani. Tasalla na miƙowa tana cewa, "Baba, ga Yalwa nan, sai haƙuri." Kafin magariba bargo ya haɗu, launi iri-iri, fari na ratsa su kamar hanyoyin cikin gari.

Ranar suna aka fito da jaririya a ciki. Sai guɗa ta tashi. Mata suka rufu a kanta, kowacce na nuna nata da yatsa. "Ga nawa!" "Ga na Inna!" Kuluwa sai murmushi, bakinta ya ƙi rufuwa.

Ana cikin haka sai jaririya ta tsula fitsari, ta jiƙa dangi kaf, ba ta bar kowa ba. Aka yi ta dariya. Kuluwa ta naɗe bargon ta nufi bakin randa.

Tasalla ta ce, "Ina zuwa?"

"Wanke shi zan yi, Yaya."

"A ruwa ɗaya? A'a. Ki yi musu wanka ɗaya bayan ɗaya, manya tukuna. Baba kuma ki bar shi, da alwalarsa."

Ƙurunƙus kan kusu, ya ja ragowar zaren ya shige rami. In kuna so ku haɗa dangi wuri guda, ku fara neman wanda kowa ke jin kunyarsa.