Rijiya Mai Gaba Arba'in

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Yaya.

Bushiya ce, kwananta bakwai da aure, sai angonta ya faɗa busasshiyar rijiya, ga hadari ya haɗo. Kwaɗo, sarkin zuzuta magana, ya shiga ya auno zurfinta. Ya fito ya ce, "Amarya, sai haƙuri. Gaba arba'in ce cif!"

Bushiya ta dubi 'yar igiyar shanyarta, ta fashe da kuka.

Tsoho Kunkuru ya iso a hankali, ya ce, "Kwaɗo, da hannun wa ka auna?"

"Da nawa mana, Baba."

"To, auna mini tabaryar nan."

Kwaɗo ya yi ta ware 'yan hannuwansa a jikinta, ya ce, "Ashirin."

"Ashe tabarya biyu ce rijiyar taka. 'Yata, gwada igiyarki."

Bushiya ta gwada, sai ga tabarya uku! Suka zura, suka jawo ango ana fara yayyafi.

Ya karkaɗe jikinsa, ya ce, "Amarya, duk kukan nan nawa ne?"

Kunya ta kama ta, ta dunƙule.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, tawa ta ƙare nan.