Mai Aladun da Ya Raina Cokali Uku

A wani ƙauye akwai wani mutum mai yawan cika baki a kan kiwon alade. Yakan ce ko dutse ka kawo masa, in dai yana da baki, wata huɗu ya ishe shi ya yi ƙiba. Da ikilisiya ta samo 'ya'yan aladu shida da aka yaye, don a yi renonsu a raba wa gwauraye mata ranar godiyar kaka, kafin dattawa su buɗe baki ya miƙe ya ce, "Ku kawo su gidana. Ranar rabo sai an nemo amalanke."

A shekarar waken suya ya yi wuya. Sai malamin dabbobi, Malam Filibus, ya zo da ƙullin wani farin gari, ya ce masa, "Baba, kana iya rage waken, amma kada ka cire shi duka. In ka rage, ka sa cokali uku na garin nan a kowane kwano na dusa. Abin da ke gina tsoka iri-iri ne, masara kuwa ba ta da su duka. In guda ya kasa, sauran a fitsari za su zube."

Mutumin ya ce, "To, Malam, na ji."

Da malam ya juya, ya lashi garin. Ba gishiri ba, ba sukari ba. Ya yi dariya ya ce, "Cokali uku? Alade fa ake magana, ba jariri ba." Ya juye shi a ramin cinnaku, wai su ma su yi ƙiba. Waken kuma ya cire shi gaba ɗaya. Ya shiga dura musu dusar masara da ɓawon rogo, safe da rana da yamma.

Aladun suka ci, suka ci. Cikinsu ya kumbura, amma bayansu ya tsaya kamar ƙaryayyen benci. Gashinsu ya miƙe, kai ya fi jiki girma. A wata na biyu guda ya kwanta bai tashi ba. Mutumin ya binne shi a bayan rumbu, ya ce da matarsa sanyi ne. A wata na uku wani ya bi shi. Kullum yakan tsaya a bakin ɗakin aladun yana kallon huɗun da suka rage, zuciyarsa tana gaya masa gaskiya, amma kunyar komawa wurin malam ta fi ƙarfinsa. Duk wanda ya tambaye shi bayan sujada, sai ya ce, "Suna nan kamar 'yan maruƙa."

Ranar godiyar kaka da safe ya dama musu dusa da gishiri, suka sha ruwa har cikinsu ya yi tamtsam, ya kora su harabar coci. Jama'a suka kewaye. Ya ɗaga murya ya ce, "Ku dubi ciki, jama'a. Biyun ma ƙiba ce ta kashe su."

Sai Mama Keziya, tsohuwar da ke farkon layin masu karɓa, ta matso da sandarta. Ita ta riga ta gina ɗan ɗaki da jar ƙasa tana jiran nata. Ba ta dubi cikin ba. Ta shafa bayan wanda ya fi girma a cikinsu, yatsunta suna ƙirga ƙashi. Ta kama ƙafarsa ta baya da hannu ɗaya, ta ɗaga shi sama kamar kaza.

Ta ce, "Ɗana, ina amalanken? Ko in sa shi a zani in goya?"

Ba wanda ya yi dariya. Ta juya wurin Malam Filibus ta ce, "Malam, in na ba shi abinci mai kyau, zai tashi?"

Ya ce, "Mama, zai rayu wataƙila. Amma ya tsumbure. Lokacin girmansa ya wuce."

Ta sauke aladen a gaban mutumin, ta ɗauki sandarta. Shi kuwa yana tsaye a tsakiyar fili, hularsa a hannu, gwauraye shida suna kallonsa.

To, ga abin da misalin nan yake nufi. 'Ya'yan aladun nan su ne waɗanda Allah ya ba mu amanarsu tun suna ɗanye: yaranmu da sababbin tuba. Dusa da ɓawon rogo su ne abubuwan da muke cika su da su, taro bayan taro, waƙa, sabon anko, shinkafar Kirsimeti. Ba laifi ba ne, amma ciki kawai suke cikawa. Cokali ukun nan da muke rainawa su ne gaskiya a cikin gida, da neman gafara in mun yi kuskure, da zama da yaro a buɗe masa Maganar Allah. Mutumin nan ya ga alamar mutuwa sau biyu, kunya ta hana shi komawa ya tambaya. Da yawanmu haka muke, 'yan'uwa. Allah yana gafarta wa mai kiwo in ya tuba, amma shekarun da yaro ya yi yana cin dusa a hannunka, ba mai dawo maka da su.