Lambun Magaji da Ƙanen Kamfani

An ce a wani gari an yi wani mutum mai suna Magaji, wanda ya gaji lambun mangwaro a wurin ubansa. A lambun akwai wani tsohon kunkuru mai magana, mai faɗa kuma, wanda ya ga rarrafen kakan Magaji. Rannan Magaji ya zo yana zumuɗi, ya ce kamfanin suga zai shigar da ƙanensa, kamfanin taki, kasuwar hannun jari. Kowa na cewa farashin hannun jarin wan, wato kamfanin sugan, zai tashi, saboda haka lambun zai sayar ya zuba kuɗin a ciki tun da arha.

Kunkuru ya ce, "Kowa ɗin nan shi ya kai Tanimu ƙasa. Zauna, ɗan nan, ka ji labarinsa."

Ya ce Tanimu direban jirgin ƙasa ne da ya ajiye aiki, aka ba shi kuɗin sallama. Sai ya ji irin wannan raɗe-raɗin a kan wani kamfanin man gyaɗa, wai shi ma zai shigar da ƙanensa kasuwa. Ya gaya wa amininsa Barau mai haƙar rijiya. Barau ya girgiza kai, ya ce bari ya ba shi labarin rijiyar Kuka.

Barau ya ce mutanen Kuka na da rijiya mai daɗin ruwa. Wani ya haƙa sabuwa a gefenta, masu tsohuwar suka yi ta murna wai unguwa za ta cika da masu ɗiba. Ashe idon ruwan ɗaya ne. Sabuwa ta janye, tsohuwa ta ƙafe, da rani ya yi nisa ita ma sabuwar ta koma taɓo. Barau ya ce, "Haihuwar guzuma ke nan, Tanimu, ɗa kwance uwa kwance."

Kunkuru ya ce amma ina, wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Tanimu ya zuba komai. Ranar da ƙanen ya shiga kasuwa mutane suka yi ta sayar da wan don su sayi sabo, farashi ya faɗi warwas. Bawan Allah ya ƙare da gadi a ƙofar kamfanin, a nan ajali ya same shi. Kunkuru ya ce, "Har yau in na tuna shi zuciyata na ƙuna. Zato zunubi, Magaji, balle a kasuwa."

Magaji ya ce ya yarda, ba zai sayi ko hannu ɗaya ba.

Kunkuru ya ce to madalla, sai ya tashi ya ba dashen mangwaron nan ruwa.

Magaji bai motsa ba. Hawaye suka zubo masa, ya ce, "Baba, tun da safe na ce na sallama lambun, an shafa fatiha. Mai sayen kuma filaye zai yanka."