Damin da Ke Rataye a Zaure

Akwai wani mutum, manomi, wanda gidansa yake shi kaɗai a bakin hanyar fatake. Ya gaji wani irin dawa daga kakanninsa. Dawar ja ce, kowace ƙwaya da ɗan baƙin ɗigo a gindinta, kuma ko ruwa ya ɗauke da wuri sai ta nuna.

Asalin irin kuwa, mai ƙasar ne ya ba kakan kakansa, lokacin da kakan ya zo baƙo, tsoho tukuf, ba shi da ko taki ɗaya na gona. Ya miƙa masa zangarniya guda, ya ce, "Karɓi wannan. Zan sa wa gidanka albarka da ita, ta hannunka kuma kowace kabila za ta ci tuwonta." Mutane suka yi ta dariya. Zangarniya ɗaya a hannun tsoho, wai ita ce za ta ciyar da duniya! Amma tsohon ya gaskata. Ya kafa wa gidansa al'ada: kowace kaka a zaɓi zangarniyoyi mafi kyau, a ɗaure dami biyu. Ɗaya a rataye shi bisa murhu, inda hayaƙi zai busar da shi ya kori ƙwari. Ɗayan a rataye shi a zaure, duk matafiyin da ya tsaya shan ruwa ya zari zangarniya guda ya wuce, ba mai tambayarsa sunansa balle yarensa.

Haka aka yi ta yi har gida ya zo hannun manomin nan. Mutum ne mai ƙwazo, wannan kam ba a hana shi, amma hannun jarirai gare shi. Da kaka ta yi, sai ya ce wa matarsa, "Uwargida, iyayenmu sun yi ta rabon iri, me suka gani? Ko mutum ɗaya ya taɓa dawowa ya ce an gode? Daga bana albarkarmu ta tsaya a gidanmu."

Matar ta ce, "Maigida, abin da muka tarar ke nan. Ko na zauren za ka sauke, ka bar na murhu. Iri hayaƙi yake so."

Ya ce, "Mai shiga madafa ma ai ido gare shi."

Sai ya sauke duka biyun, ya sussuke su tun ba su gama bushewa ba, ya zuba a tulu, ya liƙe bakinsa da laka, ya tura ƙarƙashin gado. A ransa ya gama dabara.

Rani ya wuce, ruwan shuka ya sauka. Ya ɗauko sungumi, ya jawo tulu, ya fasa lakar. Wari ne ya fara tarar sa. Ƙwayoyin sun dunƙule, sun yi baƙi, funfuna ta cinye su. Ya zauna daɓas a ƙasa. Laimar ruwan shuka kwana uku ce, in ta wuce ba shuka, bana ba tuwo a gidan, kuma irin da aka riƙe tun kakan kaka a hannunsa ya mutu.

Matar ba ta ce masa "ai na faɗa maka" ba, Allah ya saka mata. Ta ce, "Gobe kasuwar mararraba take ci. Je ka, ko za a dace."

Ya tsinci 'yan ƙwayoyin da ba su gama ruɓewa ba, ya tafi, yana nunawa a layin masu hatsi da kunya. Sai wata tsohuwa daga ƙauyukan kan dutse, wadda Hausa ba ta zauna a bakinta sosai ba, ta ce, "Ɗana, mu gani." Ta duba tafin hannunsa, ta buɗe kwandonta. Ga jar dawa, kowace ƙwaya da baƙin ɗigonta.

Ta ce, "Mu dawar zaure muke ce mata. Kakana ne ya tsaya shan ruwa a wani gida a bakin hanya, ya zaro zangarniya guda. Shekarar da aka yi fari, ita ta raya garinmu."

Wani Bafillace da ke gefe ya leƙo, ya ce ai su ma suna shuka ta a bayan ruga. Wani Banufe ya ce ta kai bakin kogi tun kafin a haife shi. Wani Ba'abzine mai raƙumi ya kwance jakarsa, ga ta nan. Kowa ya faɗi sunanta da yarensa, da aka fassara sai aka ji duk abu ɗaya suke cewa: dawar zaure.

Tsoro ya kama manomin, hawaye suka zubo masa a tsakiyar kasuwa. Ya ce, "Iya, gidan da kuke faɗa gidana ne. Kakan kakana ne mai ƙasar ya ba zangarniyar farko, ya ce masa kowace kabila za ta ci tuwonta. Ni ne kuma na sauke damin."

Tsohuwar ta dube shi, ta ce, "Dami ka sauke, ɗana. Maganar da aka yi wa kakanka ta yi nisa, hannunka ba ya kai mata. Buɗe jakarka."

Kowannensu ya zuba masa, har jakar ta ƙi ɗauruwa. A rana ta uku ya yi shuka. Da kaka ta zo, kafin ya kai ko dami ɗaya rumbu, sai da ya rataye na zaure.

Ma'anar wannan misali ita ce: mai ƙasar Allah ne. Tsohon da aka ba zangarniya Ibrahim ne, wanda Allah ya yi masa alkawari tun ba shi da ɗa, cewa ta wurin zuriyarsa albarka za ta kai ga dukan al'umman duniya. Albarkar nan ta cika a cikin Yesu Almasihu, wanda ya ba da kansa domin mutanen kowane harshe. Ibrahim ya mutu bai ga cikar maganar ba. Dubban shekaru suka wuce, masarautu suka tashi suka faɗi, waɗanda aka ba amanar ma sau da yawa suka kasa riƙe ta, amma alkawarin bai ruɓe ba, domin wanda ya yi shi ba ya ƙarya.

'Yan'uwa, mu ne matafiyan da suka zari zangarniya. Kakanninmu ba su san sunan Ibrahim ba, amma Allah yana tune da mu ranar da ya yi masa magana. Duk lokacin da na tuna wannan, jikina yakan yi sanyi. Ku dubi wanda ke zaune kusa da ku, ku ƙirga harsuna nawa ne suka raira waƙa a ɗakin nan da safiyar yau. Abin da aka yi wa tsohon dariya a kai, ga shi yana zaune a kan benci.

Sai dai manomin ma yana cikinmu. Akwai wanda in ya ga ɗan wata kabila ya shigo sujada, sai ya matsa da jakarsa ya cike gurbin. Wannan ya soma kwaɓa laka ke nan. Alkawarin Allah zai kai inda aka aike shi, ko da mu ko ba mu. Abin da zai ruɓe shi ne wanda muka liƙe a tulu. Saboda haka kowa in ya koma gida yau, ya ɗaga kai ya duba zaurensa, ko damin yana nan.