Ɗakin Iri Mai Makulli Ɗaya

A sashen nazarin amfanin gona na wata jami'a akwai wani Farfesa da ɗalibai suka laƙaba wa suna Mai Makulli. Ba a gabansa suke faɗa ba, amma ya sani, kuma a ransa sunan yana yi masa daɗi. Mutum ne mai ilimi, ko maƙiyinsa ba ya musun wannan. Aibinsa guda ne: bai yarda Allah ya halicci wani mutum da zai riƙe abu yadda shi zai riƙe ba. In ya aike ka da takarda ofis, sai ya biyo bayanka ya ga ko ka kai.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana bin ƙauyuka yana karɓar iri a hannun manoma, irin dawa da gero da wake da shinkafa waɗanda aka gada tun kaka da kakanni, har wasu an daina shuka su. Ya tara kala fiye da dubu huɗu. Kowanne yana cikin ambulan na takarda, an jera su a kan katakai a wani ɗakin sanyi da ke can ƙasan ginin sashen, inda sai an sauka matakala goma sha biyu. Ba ya rubuta suna a jikin ambulan, lamba kawai yake sawa. Wace lamba ce wane iri, daga hannun wa aka karɓo, kwana nawa yake yi ya nuna, duk wannan yana cikin wani baƙin littafi guda ɗaya da yake kullewa a durowa a cikin ɗakin. Ƙofar ta ƙarfe ce, makullinta ɗaya, kuma yana ɗaure a ƙugunsa. Matarsa takan ce ko ranar da aka yi masa aiki a asibiti, da ya farfaɗo makullin ya fara lalubawa kafin ya tambayi 'ya'yansa.

Duk manomin da ya ba shi iri, magana ɗaya yake faɗa masa. Haka ya faɗa wa wata dattijuwa da ta taɓa ɗebo masa wake daga cikin tulu, wake mai nuna cikin kwana sittin, wanda ta ce kakarta ta bar wa uwarta, uwarta ta bar mata. Da ta yi jinkirin sakin ƙullin, sai ya dafa ƙirji ya ce, "Iya, ajiya kika ba ni. Duk ranar da naki ya ƙare, ki zo, naki yana nan."

Wata shekara jami'a ta kafa kwamitin shirin ko-ta-kwana, domin kogin da ke bayan makarantar ya fara cin gaɓa. Kwamitin ya aika wa kowane sashe takarda mai tambaya uku. Wane aiki ne a sashenku ba zai yiwu ya tsaya ba, ko wuta ta tashi ko ruwa ya ci? Wa zai yi shi idan mai yinsa ba ya nan? Me za a fara kwashewa, kuma ina za a kai shi?

Shugabar sashen tsohuwar ɗalibarsa ce, shi ya duba aikinta har ta zama Dakta. Ita ta kawo masa takardar da kanta, ta zauna a bakin kujera kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

Ta ce, "Malam, abu uku nake roƙo. A yanka makulli na biyu a ajiye a ofis. A kwafi baƙin littafin nan a kwamfuta. Sannan a ɗebi kaɗan-kaɗan daga kowane iri a zuba a kwalabe, a kai wata cibiya ajiya."

Ya cire tabarau ya dube ta. "Wato kin ga alamar mutuwa a fuskata ke nan?"

"Allah ya ja kwana, Malam. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ke nan abin da suke nufi."

"Su wa? Waɗanda ba su san bambancin dawa da masara ba sai an dafa? Dakta, ina ɗan saurayi na ba wani abokin aiki littafina ya duba min, bayan wata shida na ga sakamakona a mujalla da sunansa. Tun ranar na yi hankali. Yau ki kwafa a kwamfuta, gobe ki ji shi a bakin duniya."

"To ko katakan ne a hau da su bene."

"Shekara talatin ruwa bai taɓa wuce matakala ta uku ba. Ni na ƙirga."

Ya jawo takardar, ya rubuta amsa ɗaya a ƙarƙashin kowace tambaya: Ina nan. Ya miƙa mata yana dariya. Dakta ta fita ranta a ɓace, amma kunyar malami ta hana ta ja da shi. Da ta zo haɗa amsar sashen, a gurbin ɗakin iri sai ta rubuta cewa a tuntuɓi Farfesa, ta sa lambar wayarsa.

Sauran sassa suka yi ta shirinsu. Masu kula da jarrabawa suka ajiye kwafin sakamako a wuri biyu. Masu dabbobin gwaji suka rubuta wanda zai ciyar da su in hanya ta yanke, da wanda zai maye gurbinsa. Ɗakin karatu ya ɗaura jan zare a kan akwatunan da za a fara fitarwa. Har gwaji aka yi, aka buga ƙararrawa, kowa ya fito da abin da aka ɗora masa. Farfesa ya tsaya a taga yana kallo, ya ce wa na kusa da shi manya sun koma wasan yara.

Damina ta biyu bayan wannan, aka gayyace shi wata jami'a mai nisa domin ya jarraba ɗaliban digiri na uku. Ya tafi da makullinsa a ƙugu. Ranar da ya shiga zauren jarrabawar da safe ya kashe waya, kamar yadda ya saba. A daidai lokacin ne aka sanar cewa madatsar ruwan da ke sama da makarantar ta cika, dole a buɗe ta, kuma ruwa zai iso kafin la'asar.

Sai da rana ta take ya kunna wayar, ya tarar da kiran Dakta sau goma sha tara. Kafin ya taɓa komai ta sake kira. Yana jin hayaniya a bayanta, da ƙarar motoci, da wani yana ƙwala kiran a kawo igiya.

"Malam, ruwa yana zuwa! An kwashe komai sai ɗakin iri. Ga mai walda nan tsaye da injin yankan ƙarfe, ga ɗalibai talatin da kwanduna. Ka ce mu yanka ƙofar."

Abin da ya fara zuwa masa a rai ba ruwa ba ne. Hannuwa talatin ya gani suna wawurar ambulan ɗinsa, suna hargitsa jerin da ya yi shekaru yana tsarawa, wani kuma yana buɗe durowa yana ɗaga baƙin littafi.

Ya ce, "Kada wanda ya taɓa min ƙofa."

"Malam, don girman Allah!"

"Kuna yankawa sanyin zai fita, ku cakuɗa min komai. Ku jera buhunan yashi a bakin matakala. Gobe da sassafe ina hanya."

"Sun ce wannan ba irin na kullum ba ne."

"Kullum haka suke cewa. Ni na koyar da ke, Dakta. Na ce kada a taɓa."

Ya ji muryar mai walda yana cewa, "Hajiya, in ba a yankawa ni zan wuce, ana jira na a ɗakin magani." Sai wayar ta katse. Farfesa ya koma zaure ya ci gaba da yi wa ɗalibi tambayoyi, har ya gyara masa kuskure biyu a shafi na arba'in.

Bai iso washegari ba. Ruwa ya cinye gada, aka rufe hanya. Kwana tara ya yi a masauki yana kallon labarai. Yakan zauna a bakin gado ya ciro makullin ya riƙe, yana gaya wa kansa cewa ƙofar ƙarfe ce, tana da roba a gefe, ruwa ba zai shiga ba. Matarsa ta kira ta ce su lafiya lau, sun koma gidan ƙanenta da ke kan tudu. Ta ƙara da cewa, "Baban yara, da ka bar yarinyar nan ta yanka." Ya ce mata ba ta san aikin ba, ya kashe wayar.

Ranar da ya iso, laka ta rufe harabar makarantar, amma jami'a ba ta mutu ba. An kafa rumfuna a filin ƙwallo, ana darasi. An liƙa jadawalin jarrabawa a jikin allo. Dabbobin gwaji suna wani gini a kan tudu suna cin abincinsu. Kowa ya san inda zai je da abin da zai yi, domin an rubuta tun kafin ranar.

Dakta ta yi masa sannu da hanya, ta raka shi ɗakin iri. Suka sauka matakala goma sha biyu, kowace da laka. Shatin ruwa a bango ya wuce kansa. Ya sa makulli, da ƙyar ƙofar ta buɗu.

Wari ne ya fara tarbarsu. Ruwan ya shigo ta bututun iska, ya kashe injin sanyi, ya kwana biyar a ciki sannan ya janye. Katakan sun jiƙe sun rufto a kan juna. Irin da ke ƙasa ya ruɓe ya zama baƙin kwaɓi. Na sama kuwa, da ya sha ruwa ya ji ɗumi, sai ya yi abin da aka halicce shi ya yi. Ya tsiro. Dubban tsirrai farare, sirara, sun huda takarda sun miƙe cikin duhu suna neman rana, dawa a cikin wake, wake a cikin shinkafa, saiwoyinsu sun sarƙe da juna. Yawancinsu sun riga sun langaɓe, fumfuna ta hau su.

Farfesa ya durƙusa a cikin laka ya jawo durowa. Baƙin littafin ya kumbura ya zama dunƙule ɗaya. Da ya yi ƙoƙarin buɗe shi, sai shafukan suka narke a yatsunsa. Ya ɗago wani ambulan, tawada ta wanke, babu lamba. Ya ɗago wani, haka. Ko da an dasa 'yan tsirran da suka rage, babu mai iya cewa wannan wane ne, daga ina ya zo. Dakta ta juya baya tana share hawaye, shi kuwa kukan ma ya ƙi zuwa.

Ya so a ce wani ne ya yi masa wannan ɓarna. Ya duba ko'ina a ransa bai sami kowa ba. Babu ɓarawon da ya shiga, babu ɗalibin da ya taɓa. Yadda ya kulle ɗakin haka ya same shi.

Bayan mako biyu yana zaune a ofishinsa, wanda yanzu babu komai a ciki sai tebur da kujera, aka yi sallama. Wata tsohuwa ce tukuf, tana dogara sanda, 'yarta tana riƙe da hannunta. Bai gane ta ba sai da ta yi magana.

"Ɗan nan, kai ne mai ajiyar iri ko? Ni ce mai waken nan na cikin tulu."

Ya miƙe ya ba ta kujerarsa. "Sannu da zuwa, Iya. Ya muka ji da wannan ruwa?"

"Ruwa ya gama da mu. Gona ta tafi, rumbu ya tafi, tulun ma ban san inda ya nufa ba. Duk garinmu babu mai ƙwaya ɗaya. Amma na ce musu kada su damu, akwai sauran laima a ƙasa, waken nan kwana sittin yake yi, in mun shuka yanzu za mu samu. Suka ce ina za a samo? Na ce ai na ba da ajiya a makaranta, wurin mai ilimi."

Ta kwance bakin zanenta, ta ciro wani ɗan ƙyalle, ta shimfiɗa a kan teburin, ta gyara gefunansa da yatsa.

"Ba da yawa nake so ba. Ko cikin tafin hannu ya isa, sauran ka ci gaba da riƙe mana."

Farfesa ya dubi ƙyallen. Hannunsa ya kai ƙugu bisa sabo, ya taɓa makullin, yana nan daram inda yake kullum. Tsohuwar ta yi ta kallonsa tana jira, har murmushin fuskarta ya fara gushewa. 'Yarta ce ta fara ganewa, ta sunkuyar da kai.

"Babu, Iya," ya ce da ƙyar. "Ruwa ya ci."

"Har a nan?"

"Har a nan."

"Ba ku ajiye a wani wuri ba? Ni da ban yi boko ba ma na raba nawa biyu, na ba ka rabi."

Tsohuwar ta naɗe ƙyallenta a hankali, ta mayar bakin zane ta ɗaure. Ta ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, ta kama hannun 'yarta suka fita. Yana jin ƙarar sandarta a baranda har ta ɓace. A ƙarshen shekarar ya ajiye aiki, kuma har ya bar makarantar ba a sake jin wani ya kira shi Mai Makulli ba, ko a bayan idonsa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk amanar da aka rataya a wuyan mutum ɗaya tana cikin haɗari, komai gaskiyarsa da ƙwazonsa, domin mutum yakan yi tafiya, yakan yi ciwo, yakan yi kuskure. Wanda aka damƙa wa aikin jama'a, a makaranta ne ko a asibiti ko a gida, ya zauna tun ana zaman lafiya ya tambayi kansa: in ba na nan wa zai yi, ina na biyunsa yake, me za a fara ceta? Ya rubuta, ya koya wa wani, ya raba ajiya wuri biyu, kuma ya saurari na ƙasa da shi idan ya kawo shawara. Farfesa ya tsare ɗakinsa daga ɓarawo shekara talatin da ɗaya, amma bai tsare shi daga girman kansa ba, kuma waɗanda suka yarda da shi ne suka kwana da yunwa.